Murhun Lissafi a Tsakar Gidanmu

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Daura ya san abin da hakan yake nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ma son a kama ta tana kallonsa. Kunya ake ce wa abin, kuma yabon mace ake yi da shi. Ana yaye ni kakata ta wajen uba, wadda nake kira Inna, ta goya ni ta tafi da ni ƙauyenmu da ke can bayan Baure. A hannunta na yi wayo. Ita nake yi wa kuka, a bayanta nake kwana. Mahaifiyata kuwa malamar firamare ce a cikin garin Daura, sai da Sallah ko in an yi rasuwa take zuwa ƙauye. Da an ce ga ta nan, Inna za ta ce mini, "Maza ɓace, ga mutuniyarki." Sai in ruga gidan maƙwabta, matan gida suna dariya suna cewa yarinya ta yi hankali. Ranar da na kuskura na tsaya a bakin ƙofa ina leƙenta, sai da aka yi mako ana kirana mara kunya. Tun daga nan na koyi cewa yarinyar kirki ba ta haɗa ido da wadda ta haife ta, ba ta kuma mayar mata da magana.

Ina wajen shekara goma aka shiga zamanin Shari'a. Ko'ina wa'azi ne, a rediyo, a kaset, har da motoci masu lasifika ranar kasuwa, kuma malamai sun matsa a kan ilmin 'ya mace. Makarantar ƙauyenmu malami ɗaya gare ta, shi ma sai ranar da babur ɗinsa ya ga dama ya tashi. Baba, wanda fataucin shanu yake yi tsakanin Mai'aduwa da kudu, ya zo ya durƙusa gaban Inna ya ce yana so a ba shi ni in yi karatu a birni. Inna ta yi ta tauna goro, sai can ta ce, "Aro na ba ka. In an sa ta ajin tsararrakinta, to, na haƙura. In kuwa za a haɗa mini ita da 'yan yaye tana zaune a tsakiyarsu kamar uwarsu, ka dawo mini da abata. Ba na raini yarinya don a mai da ita abin dariya ba." Baba ya ce ya ji. Shi kuwa Baba, a rayuwarsa bai taɓa tsallake maganar Inna ba.

Haka na iso Daura gab da dogon hutu, damina ta kankama. Kafin a rufe makaranta mahaifiyata ta kai ni wajen hedimastansu, tana gaba ina baya, tsakaninmu tazarar da akuya za ta iya wucewa da 'ya'yanta. Dattijo ne fari mai saje, baƙo a makarantar, daga wajen Dutsi aka kawo shi bai daɗe ba. Ta gaishe shi ta ce, "Ranka ya daɗe, yarinya ce daga wajen surukata, ana so a sa ta makaranta." Ba ƙarya ta yi ba. Shi kuma ya ɗauka irin 'yar dangin miji ce da ake kawo wa mutum riƙo. Ya dube ni ya ce in an dawo hutu zai gwada ni. Karatu da rubutu, in ji shi, ana kamowa a hanya, amma lissafi ba ya jiran kowa. In na iya sau da rabawa, aji huɗu. In ban iya ba, aji biyu, ajin ƙanena.

To, ni dai na san ma'anar aji biyu. Motar Baure ke nan.

Ina son Inna, har gobe ina sonta, Allah Ya jiƙanta. Amma tun daren farko na san ba na son komawa. Ba lantarki ne ya ruɗe ni ba, don rabin lokaci ma babu shi. So nake in zauna a gidan da matar nan take, in ji motsinta, in ga yadda take ɗaura ɗankwali. Ƙannena biyu, namiji da 'yar ƙaramar mace, Mama suke ce mata, suna hawa cinyarta kamar kujera. Ni an ce in riƙa ce mata Anti, kalmar kuwa ta ƙi fita daga bakina, sai na zama ba ni da sunan da nake kiranta. Ita ma ba ta da nawa. "Ku ce wa 'yar Inna ta ɗauki abincinta." "A share ƙofar ɗakin nan." Wani lokaci ina tsaye kusa da ita har ina jin ƙanshin man da ta shafa, amma sai ta aika ƙanena ya faɗa mini abin da na riga na ji da kunnena. Ba ta taɓa cutar da ni ba, wannan kam ban yarda a faɗa ba. Tuwona a rufe nake samunsa, sabon hijabi na tarar a kan tabarmata ba tare da an ce ga shi ba. Amma kaɗaici ya ishe ni a gidan nan, irin wanda ban taɓa sani ba ko a lokacin da nake kiwon awakin Inna ni kaɗai a bayan gari.

Kullum bayan la'asar yaran unguwa suke taruwa a tsakar gidanmu, maza a tabarma guda, mata a guda, tana koya musu lissafin hutu. Ba ta da allo. Rairayin tsakar gida da ruwa ya jiƙa shi ne allonta, kara kuma shi ne allinta. Hanyarta daban ce da ta sauran malamai, waɗanda suke sa yara rera jadawali tun daga sama har ƙasa kamar masu talla. Ita duwatsu uku take ajiyewa kamar na murhu, ɗaya babba, biyu ƙanana, ta rubuta lamba a gindin kowanne. Uku da huɗu a ƙananan, sha biyu a babban. Sai ta ce, "Wannan murhu guda ne. Tukunya huɗu yake dafawa, kuma duk wanda ya ba ni uku ya bar ɗaya, da yunwa zai kwana." Yara su ɗauka: uku sau huɗu, sha biyu, huɗu sau uku, sha biyu, sha biyu a raba gida uku, huɗu, sha biyu a raba gida huɗu, uku. Wanda ya yi gardama, sai ta zube masa marafan kwalba ta ce ya jera layi uku na hurhuɗu, sa'an nan ta sa shi ya tashi ya koma gefe ya sake dubawa, ya ga sun zama layi huɗu na uku-uku ba tare da an taɓa ko ɗaya ba. Na ga wani yaro ya yi ta zagaya marafan nan yana neman inda aka yi masa wayo.

In murhun ya zauna, sai ta ɗauki faifai ta rufe lamba ɗaya, ta bi da'ira tana tambaya wace ce ta ɓuya. A nan ake sanin wanda ya gane da wanda yake bin baki. In babbar ta rufe, sau za ka yi. In ƙarama ce, rabawa. Tana da tsiya in tana koyarwa, wallahi, ba za ka ce ita ce mai shiru-shirun nan ta cikin ɗaki ba. "Kai, wannan kan naka na ɗaukar hula ne kawai?" "Ke, arba'in da biyu a raba gida shida ki ce tara? To sauran a gidanku za ki ranto?" A yi ta dariya, wanda aka yi wa ma yana yi. Wanda ya ci kuma ta ce, "Yawwa, ɗan albarka," ta dafa kansa.

Ranar farko na zauna a ƙarshen tabarmar mata. Babu wanda ya hana ni. Tambaya ta taso daga can tana zuwa, na gyara zama, don na ga amsar, takwas ce. Ta tambayi ta kusa da ni, sai ta tsallake ni ta koma kan maza, kamar wurin da nake zaune rami ne. Zagaye na biyu ma haka. Wata yarinya mai bakin tsiya ta ce, "Malama, kin manta da baƙuwa." Mahaifiyata ta yi kamar ba ta ji ba, ta goge rairayi ta rubuta wasu lambobin. Kwana kaɗan na jure, daga nan na daina zama. Na mai da wanke-wanke aikina na la'asar, don wurin wanke-wanken yana jikin madafi, ana jin komai daga can.

Yanzu da na girma na lura da wani abu. Tun da na koma wurin wanke-wanke, muryarta ta ƙara ƙarfi, kuma ta juya zaman darasin ya zama tana fuskantar madafi. A lokacin ban ga wannan ba. Abin da nake gani kawai shi ne hannunta a kan 'ya'yan mutane. Har zagin nan na kan ɗaukar hula sai da na yi kwaɗayinsa.

In an watse, ana shirin magariba, sai in zagaya bayan madafi inda ake tara itace. Na samo tsakuwa uku na ɓoye a can. In kafa murhuna, in rubuta lambobi da tsinke, in rufe ɗaya da tafin hannu. Ni ce malama, ni ce ɗaliba. In maƙale murya irin tata in ce, "Ke, wace ce ta ɓuya?" In amsa. In na ci in ce wa kaina, "Yawwa, 'yar albarka," in dafa kaina da hannun hagu. Abin dariya ne in an faɗa, amma ni ba dariya nake yi ba. Da haka na bi murahun nan ɗaya bayan ɗaya. Na biyu da na biyar ba su ba ni wahala ba, wanda ya taɓa ƙirga ƙullin ƙuli-ƙuli ya san su. Na shida da na bakwai ne suka so su kashe ni. Shida, tara, hamsin da huɗu, da kuma bakwai, takwas, hamsin da shida, waɗannan biyun sai su riƙa musayar kaya a kaina. Da ɓawon gyaɗa na raba musu faɗa: na jera su layi-layi na ƙirga da yatsa har sai da idona ya haddace siffar kowanne. Ina shara ina yi, ina ɗebo ruwa ina yi, har a salla Allah Ya yafe mini sai in ji sittin da uku tana neman a raba ta gida tara.

Wata rana ƙanena ya kama ni ina dafa kaina. Ya kwashe da dariya ya ruga tsakar gida yana cewa 'yar ƙauye tana hira da aljanu. Ni kuma ba a san ni da haƙuri ba, ko a ƙauye. Na bi shi na cafke, na ba shi ranƙwashi mai kyau har ya zauna. Ya kurma ihu. Mahaifiyata ta fito daga ɗaki, na tsaya ina huci, a raina ina cewa yau dai za a yi ta, ko duka ne ta dake ni. Ta ɗaga shi, ta karkaɗe masa riga, ta dubi igiyar shanya ta ce, "A dai riƙa haƙuri da yara." Ta koma ɗaki. Na koma bayan madafi na yi kukan da ko shi wanda aka ranƙwasa bai yi ba.

Akwai safiyar da Baba yana gida, rediyo tana kan taga, wani malami yana amsa tambayoyin masu sauraro. Aka tambaye shi kan kunyar ɗan fari. Ya yi bayani cewa al'ada ce, ba ta da tushe a addini, kuma yaro yana da haƙƙin a kira shi a ja shi a jiki. Ina shara a lokacin, sai na rage hannu don kada tsintsiya ta rufe maganar. Baba ya yi dariya ya ce, "Malama, da ke ake." Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Malam ya faɗi nasa. Shi ba shi da suruka." Ta miƙa hannu ta murɗa tashar. Ba wasa kawai take yi ba. An kawo ta gidan Baba tana 'yar boko, dangi suna jira su ga rashin kunyar 'yan boko, ita kuma ta rantse ba za su gani ba. A kaina ta nuna musu ta fi su iya al'adar, kuma ta yi shekara goma tana cin wannan yabo.

Kafin hutu ya ƙare babu murhun da ban iya ba har zuwa na sha biyu. Ina jin ta rufe lamba, kafin yaran kan tabarma su gama sosa ƙeya na riga na faɗa wa tukunyar da nake wankewa. Ban ji tsoron gwajin ba ko kaɗan. Har na fara tunanin inda zan zauna a aji huɗu.

Ranar da aka koma makaranta, bayan an gama taron safe, aka kira mu ofishin hedimasta. Ya ba ni littafin Hausa na karanta, ina tuntuɓe amma na kai ƙarshen shafi. Na Turanci kuwa layi biyu na yi na tsaya. Ya ce ba komai, saura babban. Ya gyara zama zai fara tambaya, sai ya ga yadda na ƙanƙame hijabina. Mutumin kirki ne, tausayi ne ya kama shi. Ya juya ya ce, "Malama, ke ki tambaye ta. Kin ga tsorona take ji."

Mahaifiyata ta ce, "Ranka ya daɗe, gara dai kai ka yi."

"A'a, ba a gidanki take ba? Ai ta fi sakewa da ke. Bismilla."

Magana guda ce za ta warware komai. Ta ce masa 'yata ce ta fari, shi kuwa Bahaushe ne, nan take zai gane ya karɓi tambayar. Amma maganar nan ita ce wadda bakinta bai taɓa furtawa ba, ba kuma a gaban namiji baƙo za ta fara ba. Ni ma da ya tambaye ni da kansa, da na zazzage masa murahun duka har ya ce ya isa. Ba shi nake tsoro ba.

Sai ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni, ta ce, "Ke."

Na ɗaga kai ba da niyya ba. Ban taɓa ganin fuskarta daga gaba a kusa haka ba, kullum daga gefe nake satar kallonta. Ashe tana da ɗan tabo a ƙasan idon hagu. Ashe idanunta irin nawa ne.

"Hamsin da shida a raba gida bakwai."

Takwas. Tana kan harshena. Na san ta, na san 'yan uwanta uku, na san siffar ɓawon gyaɗar da na jera mata. Amma wuyana ya sunkuya da kansa kamar yadda aka koya masa tun yana ƙarami. Shekara goma ana ce mini in ɓace in ta shigo, yau kuma a ce in tsaya a gaban babban mutum in dube ta in mayar mata da magana. Ƙafafuna gudu suke so su yi. Na kuma tabbata in na buɗe baki kuka ne zai fito ba takwas ba.

Ta sauko da tambayar. "Bakwai sau takwas fa?" Shiru. "Huɗu sau uku." Wannan ko 'yar ƙaramar ƙanwata ta iya rera shi. Muryarta ta yi ƙasa sosai, kamar mai roƙo. Ina kallon yatsun ƙafarta a cikin takalmi, ban ce uffan ba.

Hedimasta ya ce, "To, ya isa, kada a takura ta. Yaran ƙauye haka suke zuwa, ba laifinsu ba ne. Ta fara daga aji biyu, in Allah Ya so za ta kamo." Har ya ba ni alawa.

Muka fito, ta wuce ajinta, ni kuma aka nuna mini aji biyu. Na zauna a bayan ƙanena, gwiwoyina sun fi bencin tsawo, yara suna waiwaye suna ƙus-ƙus. Da aka tashi, tun kafin mu kai gida ya riga ya shelanta wa unguwa.

Baba ya dawo daga kasuwa ya ji. Bai yi faɗa ba, ya ce alkawari ya yi wa Inna, kuma ba zai fara saɓa mata a kan wannan ba. Ya aika wa ƙanensa, Baffana, ya zo ya mai da ni. Na kasa kunne ko zan ji mahaifiyata ta ce wani abu. Ina jin su a ɗaki, ta fara da "Da dai an ƙara mata lokaci," Baba ya ce, "Ke da kanki kika gwada ta. Ko kina so in je in ce wa Inna uwar yarinya ce ta hana?" Daga nan ban ƙara jin muryarta ba. A ce ta fito fili tana jayayya da suruka a kan 'yar fari, wannan a wajensu ya fi ƙarfin rashin kunya. Ni kuma babu wanda ya tambaye ni ko na san amsar. Da wa ma zan faɗa wa? Baba ba ya hira da yara, ita kuma ga yadda muke.

Bayan kwana biyu Baffa ya iso da rana, ya ce zai je ya sayo maganin feshi a kasuwa, in shirya kafin ya dawo mu kama motar yamma. Kayana ba su da yawa, leda guda ce da ƙullin zane. Na tarar an wanke su an ninke, an sa sabulu da man shafawa a tsakiya. Na ɗauko na zauna a bakin zaure ta ciki ina jira.

La'asar ta yi, yara suka taru kamar kullum, don ko da aka koma makaranta ba ta daina darasin ba. Ta kafa duwatsu, ta rubuta saba'in da biyu a gindin babban, takwas a ɗaya, ta kifa faifai a kan ɗayan. Ta bi da'ira. Wani ya ce bakwai, wata ta ce sha biyu, ƙanena ya ce shida. Ranar ba ta yi wa kowa tsiya ba, sai dai ta ce a'a ta wuce na gaba. Aka zagayo babu wanda ya ci.

Haushi ne ya buɗe mini baki, ba wani abu ba. Haushinta, haushin Inna, haushin dattijon nan da alawarsa, da haushin kaina. Daga inda nake zaune na ce, "Tara." Yara suka waiwayo. Na miƙe tsaye da ledata a hannu. "Takwas sau tara, saba'in da biyu. Tara sau takwas, saba'in da biyu. Saba'in da biyu a raba gida takwas, tara. A raba gida tara, takwas." Ban tsaya ba. Na kama na hamsin da huɗu na sauke, na kama na sittin da uku, na arba'in da biyu, na hamsin da shida, ina yi muryata tana tashi, ba ita nake kallo ba, bangon madafi nake faɗa wa. Sai da numfashina ya ƙare na yi shiru.

Mahaifiyata ba ta ɗago ba. Ta ɗauke faifan, tara tana rubuce a rairayi. Ta ce wa yaran, "Kun ji dai. Ku maimaita." Suka ɗauka baki ɗaya, takwas sau tara, tara sau takwas. Suna cikin rerawa ta sa kara tana tonon ƙasa a gefen ƙafarta, ta yi magana a hankali, yadda hayaniyarsu za ta rufe, amma ni na ji.

"Ai na san an iya. Tun tuni na sani. To me ya sa aka yi shiru ranar?"

Na tsaya da ledata. Ina da amsa, ta fi ta lissafin yawa, amma ban san ta inda ake fara faɗa wa uwa irin wannan ba, ba a taɓa nuna mini ba. Ta jira, karan yana hannunta ya daina motsi. Yara suka kai ƙarshen murhun suka yi shiru suna jiran na gaba. Daga waje Baffa ya yi sallama ya ce in fito, mota ta kusa cika.

Karo na biyu ke nan da ta taɓa yi mini tambaya a yarintata, shi ma ban amsa ba. Na durƙusa daga nesa kamar yadda ake yi, na ce wa tsakar gida sai wata rana. Ta ce wa duwatsun, "A gaida Inna." Ina cikin zaure ina sa takalmi na ji ta goge rairayi ta kira wasu lambobin, muryarta ta dushe har sai da wani yaro ya ce, "Malama, ba ma ji."